Kada a ce "tsufa ne": jagorar kula da zuciya da hankalin tsofaffinmu a Maradi

Kawuna ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana buɗe rumfarsa a babbar kasuwar Maradi tun rana ba ta yi zafi ba. Da gwiwoyi suka fara ba shi wahala, ƴaƴansa suka taru cikin ladabi suka ce: "Baba, ka yi mana komai, yanzu kai dai ka huta." Suka karɓi mabuɗi, suka sayo katifa da fanka, hura ba ta yanke ba, tuwo bai yanke ba. Ba a cika wata takwas ba, mutumin da ake jiyo muryarsa daga bakin titi ya koma sai an sunkuya ake jin abin da yake faɗa. Ya bar zuwa fada, rediyon da ba ya rabuwa da ita ta yi ƙura. Duk wanda ya shigo gaisuwa, in ya fita sai ya girgiza kai ya ce tsufa ne. Ni ma haka na ce. Sai da wani ma'aikacin lafiya ya zauna da shi ya yi ta yi masa tambayoyi muka gane ciwon damuwa ne, kuma yana da magani.

Wannan jagora ta ɗa ce da ɗiya, da suruka, da jikan da ke kwana ɗakin kaka. A Nijar kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka haura 60 kuwa ba su kai 5 cikin 100 ba. Shi ya sa zancen likita da na rediyo kusan duk na awon ciki ne, da rigakafi, da tamowa. Tsoho ba ya cikin lissafi, sai in ya faɗi. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka kai 60 suna fama da wata lalura ta ƙwaƙwalwa ko ta zuciya, damuwa da fargaba ne a kan gaba. Mu a nan ciyar da iyaye ba mu da na biyu. Inda muke tuntuɓe shi ne, da zarar mun ɗauke musu wahala sai mu haɗa da amfaninsu mu ɗauke.

Mataki na farko: a zuba ido mako biyu

Dattijon Bamarade ba zai ce maka "ina cikin damuwa" ba. Kunya ba za ta bari ba, kuma tun yana yaro aka koya masa cewa ƙorafi rashin godiya ne. Ko me ka tambaya, amsar ɗaya ce: alhamdu lillahi. Zuciyar tsoho ta bakin jiki take magana. Za ka ji "kaina ya yi mani nauyi", "gabana ke faɗuwa", "jikin nan ba daɗi", "barci ya ƙi". Aka kai shi likita, aka auna, ba a ga komai ba, aka dawo da farasitamol, bayan kwana goma ya koma gidan jiya.

Saboda haka abin dubawa shi ne canji. Me Inna take yi bara da ta bari bana? Da ita ke raba tuwo, yanzu ko leƙa madafa ba ta yi? Kwanon da aka kai mata yana dawowa da rabi? Zane ya fara yi mata yawa? Tana farkawa tun ƙarfe uku na dare ta zauna zugum har kiran assalatu? Baba da ba ya faɗa ya zama abu kaɗan ya hau mutane da masifa, ko mai tsabta ya yi kwana uku da riga ɗaya? A samu mutum ɗaya ya riƙa rubutawa a littafin lakwal, ko ya ajiye a waya, kwana goma sha huɗu: ci, barci, fita, hira, wanka. Kuma a tambayi jikan da ke kwana kusa da ita, don shi ya san ko tana kuka da dare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mataki na biyu: a rarrabe abu uku da muke tarawa a suna ɗaya

A nan ne ya kamata a daɗe, don wanda ya kuskure nan duk abin da zai biyo baya kuskure ne. Abu uku ne muke kira "ya rikice", kuma kowane da tasa hanyar.

Na ɗaya shi ne rikicewar farat ɗaya. Jiya da dare kun yi hira lafiya lau, yau da safe Baba bai san inda yake ba, yana ganin mutane a bango, yana fizge-fizge, ko kuma barci ya danne shi ba a iya tada shi sosai. Anjima ya dawo daidai, da almuru ya sake rikicewa. Wannan ba gigin tsufa ba ne, ba kuma aljanu ba ne. Alama ce cewa wani ciwo ya kama jiki har ya taɓa ƙwaƙwalwa: zazzaɓin cizon sauro, ciwon huhu, ciwon mafitsara, fitsarin da ya ƙi fita, ƙarancin ruwa a jiki, sukari da ya hau ko ya faɗi, ko wata ƙwaya da aka sha. Tsoho yana iya ɗauke da ciwo mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba, rikicewar ce kawai za a gani. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maradi ke haura 40, an fi ganin haka, domin tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yaro. Irin wannan ba ya jiran gobe, a kai shi likita a ranar. In mai ciwon sukari ne da ke shan magani, aka ga gumi da karkarwa, kuma yana iya haɗiya, a ba shi ruwan sukari kafin a kama hanya. In kuwa baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko harshe ya karye, shanyewar ɓarin jiki ce, kada a tsaya shafa mai ko jiran babban wa ya dawo daga kasuwa.

Na biyu ciwon damuwa, irin na kawuna. Shi a hankali yake shigowa, cikin makonni ko watanni, sau da yawa bayan wani rashi: mutuwar abokin zama, karyewar jari, barin aiki, ciwon da ya kwantar. Alamarsa biyu ce babba: baƙin ciki ko mutuwar zuciya kusan kullum, da rashin jin daɗin abin da a da ake so, har tsawon mako biyu ko fiye. Sai rashin ci, rashin barci, kasala, da ganin kai ba shi da amfani. Mai damuwa yakan yi mantuwa shi ma, amma shi ne zai yi ta kukan mantuwar, in ka tambaye shi abu ya ce "ban sani ba" don ba shi da ƙarfin tunawa.

Na uku gigin tsufa, wanda likitoci ke kira ciwon mantuwa. Wannan shekaru yake ɗauka yana cin mutum. Tambaya ɗaya sau biyar cikin awa guda, ɓata a hanyar masallacin da aka yi shekara talatin ana zuwa, kasa lissafin canji ga matar da ta yi rayuwarta tana sayar da ƙuli-ƙuli da mai, sa tukunya a wuta a manta. Bambancinsa da mai damuwa, shi sau da yawa bai san yana mantuwa ba, iyali ne ke gani, shi kuwa ya yi ta kare kansa ko ya ce an sace. Mutum sama da miliyan 55 ke da shi a duniya, kashi 60 zuwa 70 cikin 100 nau'in da ake kira Alzaima ne, wani kason kuma daga lalacewar jijiyoyin jini yake, abin da hawan jini ke jawowa. Manta inda aka ajiye carbi ko sunan wani jika cikin talatin, a tuna anjima, wannan tsufa ne na kowa. Manta abin da ake yi da carbin shi ne ciwo.

Suna iya haɗuwa a mutum ɗaya. Amma tambaya guda tana raba gardama da yawa: yaushe abin ya fara, kwanaki ne, makonni ne, ko shekaru?

Mataki na uku: a bi jiki gaɓa-gaɓa

Kafin a ce zuciya, a duba kunne. Tsohon da ba ya ji sosai, in an yi magana a fada aka yi dariya, bai san me aka faɗa ba, wani lokaci ma ya zaci da shi ake. Sau biyu, sau uku, sai ya daina zuwa. Masu bincike sun sa rashin ji cikin manyan abubuwan da ke kusantar da mutum ga ciwon mantuwa. Wani lokacin dauɗa ce kawai ta toshe kunnen, a wanke a likita ya dawo cikin mutane. Kada a soka tsinke ko gashin kaza.

Sai ido. Yanar ido aiki ne na ɗan lokaci, tsohuwar da ta bar tsintar shinkafa da zuwa biki ta koma harkarta. Wanda ya bar karatun Alƙur'ani don baƙaƙe sun dushe, tabarau ne maganinsa. Sai haƙora, don mai ciwon haƙori ba ya cin nama ko ƙosai, a ce ya ƙi abinci. Sai ciwon gwiwa da baya da ke hana barci. Sai abin da ba a faɗa: yoyon fitsari. Dattijai nawa ne suka bar jam'i, suka bar zaman makoki da ɗaurin aure, don tsoron a ji wari a jikinsu? Wannan ba ɗiya za ta tambayi uba ba, ba ɗa zai tambayi uwa ba. A sa tsara, ko ƙane, ko ma'aikacin lafiya jinsinsu. A auna hawan jini da sukari, ko da mutum ya ce garau yake.

Daga nan a zazzage ledar magani. Kowane ɗakin tsoho yana da ita: na likita, na mai tebur, wanda ɗa ya aiko daga Kano, wanda maƙwabciya ta ce ya yi mata aiki. Taramol da diyazefam suna kawo jiri, faɗuwa da rikicewa, kuma jiki yana sabawa da su. Ƙwayoyin da ake sha don ciwon gaɓɓai irin su deksametazon suna tada sukari, su hana barci, su birkita hali. Kada ku yanke da kanku abin da aka daɗe ana sha, yankewar farat ɗaya ma tana da nata haɗari. A kwashi ledar gaba ɗaya, har da jiƙo da garin magani, a kai wa lokotoro ya gani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mataki na huɗu: yadda ake buɗe zancen

Ba a tara iyali a sa tsoho tsakiya kamar gaban alƙali. Mutum ɗaya, wanda ya fi sakewa da shi, a lokacin da gida ya yi shiru, bayan la'asar ko bayan isha'i. A zauna ƙasa da shi, a ajiye waya. Kada a fara da "me ke damunka". A fara da abin da aka gani: "Inna, na ga kwana biyu hurarki na dawowa. Ko damun ne bai yi miki ba?" Ko: "Baba, Malam ya tambaye ka a fada, ya ce wurinka ya yi ƙura." Sai a yi shiru. Shirun yana da nauyi, amma kada a yi gaggawar cike shi.

In ya fara magana, kalmar da za ta fara zuwa bakinka ita ce "a yi haƙuri". Riƙe ta tukuna. Haƙuri gaskiya ne, amma in ya zo da wuri murfi yake zama, tsoho ya ji an ce ya isa haka. Haka ma "ai ba ka rasa komai ba", ko "ina imaninka". Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. Babu wanda zai ce imaninsu ne ya yi rauni.

Akwai maganar da ba a wucewa a kanta. "Ni dai jiran lokaci nake" kusan kowane tsoho yana faɗa, kuma sau da yawa shiri ne na mumini. Amma in ta koma "na zame muku kaya", "da na tafi da kun huta", tare da ƙin ci ko ƙin shan magani, a tambaya kai tsaye cikin taushi: "Baba, har zuciya takan raya maka ka cutar da kanka?" Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. In amsar e ce, ko ya yi shiru mai tsawo, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari na gona da tarin ƙwayoyi daga ɗakin, a nemi likita ba da ɓata lokaci ba.

Mataki na biyar: a mayar masa da abin da aka karɓe

A ganina wannan ne ƙashin bayan komai. Mutum ba ya rayuwa da tuwo kaɗai, yana so gari ya waye akwai abin da in bai yi ba, ba za a yi ba. "Ka huta" kalma ce mai daɗi a bakin ɗa, a kunnen uba kuwa wani lokaci ma'anarta an gama da kai.

Ba cewa ake a mayar da ɗan shekara 75 bakin kuyya ba. A rage nauyin, a bar masa ragamar. Wanda ya yi kasuwa, a kai shi rumfa Litinin da Juma'a ko na awa biyu ne, ya zauna, abokan ciniki su gaishe shi, a ce masa "Baba, wannan buhun nawa za mu bari?" kuma a bi abin da ya faɗa ko da sau ɗaya cikin uku. Manomi a kai shi gona ya ga shuka, shi zai ce ga ranar da za a yi noman farko, shi zai zaɓi zangarniyar iri. Wanda ya yi ritaya daga koyarwa, a turo masa yaran unguwa da allunansu ko littattafansu. Tsohuwa a bar mata mabuɗin rumbu ko awon hatsin tuwo, a bar mata akuyarta da kajinta, da ƴar sana'arta ta daddawa ko kuka ko gyaɗa a ƙofar ɗaki. Kada a ce "Inna, kina ba mu kunya, nawa ne ribar?" Ribar ba dala biyar ɗin ba ce, yaran da ke shigowa saye ne, da maƙwabciyar da ta zo bashi ta zauna hira. Da kuɗin da ta kai biki ko zubin adashi daga lalitarta, ba ta roƙi kowa ba.

Haka shawara. Neman aure, raɗin suna, sulhun ma'aurata, sayar da fili, a kawo gabansu tun ana shawara, ba bayan an gama a zo sanarwa ba. Tsoho yana gane bambancin wanda ya zo neman ra'ayinsa da wanda ya zo neman albarka kan abin da ya riga ya yanke.

Ga kuma wata dukiya da muke da ita, wasan kaka da jika. Jikan da zai shigo ya ce "tsohuwa, har yanzu ba ki mutu kin bar mani gadon ba?" ta ɗauki muciya ta bi shi tana dariya, ya yi abin da ƴaƴa goma masu ladabi ba za su iya ba. Ɗa ba ya iya tsokanar uwarsa, jika yana iyawa. Kada a hana yara ɗakin kaka da sunan kada su dame ta. A sa su tambaye ta labari. Wanda ya kai 80 yau an haife shi wajejen 1945, shekarar da ambaliyar Gulbi ta ci tsohon garin Maradi aka hau tudu. Ya ga zamanin da gyaɗa ke riƙe da Maradi, ya ga farin 1973 da 1974, ya ga yunwar da ake kira El Buhari a 1984, ya ga yunwar 2005. A ɗauki muryarsa a waya. Za ku ga mutumin da ba ya haɗa jimla biyu ya yi awa guda yana zuba.

Sai a kula musamman da tsofaffin da rashin tsaro ya taso daga ƙauyukan Madarunfa da Gidan Runji aka kawo su birni wurin ƴaƴa. An tsirar da rai, amma an raba su da gona, da gindin bishiyar hira, da kushewar iyaye. Wasu sun ga abin da ido bai kamata ya gani ba, ƙarar kabu-kabu da dare tana firgita su. A nemo musu mutanen garinsu da ke birni, a haɗa su ko sau ɗaya a mako, a ba su ɗan fili a tsakar gida ko na kuɓewa da zogale ne.

Mataki na shida: tsarin wuni

Wannan ba ya son dogon bayani. Hasken safiya da ƴar tafiya kullum, ko zuwa masallaci da dawowa, ko zagayen tsakar gida da sanda. Abin da ake so ya kai minti 150 a mako, wato kamar rabin awa sau biyar, amma minti goma ma ya fi zama. A ci abinci tare, kada a riƙa tura kwano ɗaki kamar na mai laifi. Buta ko gorar ruwa kusa da hannu. Shayi mai kauri da goro bayan la'asar suna korar barci, a mayar da su safe. Barcin rana kada ya yi tsawo. Hanyar makewayi a share ta, a sa fitila, don faɗuwa ɗaya tana iya sa tsoho tsoron fita har abada. Azumi kuwa, wanda ba ya iyawa addini ya sauƙaƙa masa, sai dai dattijo ba zai yarda daga bakin ɗansa ba. A kawo malamin da yake girmamawa ya faɗa masa, ya kuma bayyana yadda ciyarwa take.

Bayan an watse daga makoki

Kwana uku gida cike, bakwai, arba'in, daga nan tsit. Matar da ta yi shekara hamsin da mutum tana takaba wata huɗu da kwana goma, kuma lokacin da kewa ta fi cizo shi ne lokacin da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa. A raba kwanaki tsakanin dangi tun ranar bakwai, kowa ya san ranarsa. Namijin da matarsa ta rasu shi ma ba a cika tunawa da shi ba, sai dai a fara zancen a yi masa aure. Baƙin cikin rashi ba ciwo ba ne, yana zuwa yana lafawa. Amma in watanni sun shuɗe mutum bai koma ci da barci da shiga mutane ba, a koma mataki na biyu.

Ku kuma da ke Agadas, Libiya, Legas ko wurin haƙar zinariya: jikka goma da kuka turo ta isa, an gode, amma jikka ba ta zama jika. A sa rana, a ce kowace Juma'a bayan masallaci, a kira, kuma a kira wayar tsohuwar ita kanta, ba a ce "ku gaida Inna" ba. In ba ta iya karatu ba, saƙon murya na WhatsApp tana iya saurara sau goma. Kada hirar ta tsaya kan "an samu saƙo?"

Mataki na bakwai: likita, da malam

A fara da likitar unguwa, wato CSI, a tafi da littafin nan na mako biyu da ledar magani, da mutumin da ya fi sanin halin da ake ciki. A faɗi zancen barci da kuka da rashin ci a fili, kada a tsaya kan ciwon kai. In abin ya fi ƙarfinsu a nemi takardar zuwa babban asibiti, a tambayi mai duba lafiyar ƙwaƙwalwa. Kada a ce wa tsoho "likitan mahaukata", a ce mai duba barci da damuwa, kuma gaskiya aka faɗa.

In an ba da maganin damuwa, ku san ba farasitamol ba ne. Yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga sauƙi, kuma bayan sauƙin ana ci gaba da sha wata shida ko fiye. Inda aka fi faɗuwa ke nan: a sha kwana goma a ce bai yi ba, ko a ji daɗi a yar. Tsoho da kaɗan ake fara masa. In aka ga jiri, bushewar baki, taurin bayan gida ko fitsari ya ƙi fita, a koma a faɗa. Mutum ɗaya ya riƙe maganin, shi ke bayarwa.

Addu'a da rubutu da karatu ba sa faɗa da likita, yawancin tsofaffinmu ma da su zuciyarsu ke kwanciya, a bar musu. Iyakar ita ce: duk wanda zai ce a bar maganin likita, ko a yi duka, ko ɗauri, ko hayaƙi a rufaffen ɗaki, ko a sayar da akuyar tsohuwa a biya shi, malami ne ko ɗan bori, a ja da baya.

In gigin tsufa ne

Har yau babu maganin da ke warkar da shi, duk mai cewa yana da shi kuɗinku yake so. Amma zaman gida yana iya yin sauƙi ko ya yi tsanani gwargwadon yadda aka iya da shi. Kada a yi gardama. In Kaka ta ce za ta tafi gida wurin innarta, wadda ta rasu shekara arba'in, kada a ce "ai ta mutu", za ta ji mutuwar sabuwa fil. A ce "Kaka, ba ni labarinta", a miƙa mata wake ta tsince. In ta ce an sace mata kuɗi, a taya ta nema. In an sami tuwon jiya ƙarƙashin matashi, a tuna wace irin yunwa ta gani, a ɗauke wanda ya lalace ba tare da faɗa ba. In ta yi salla sau biyu ko ta rage raka'a, a ƙyale ta. Alƙur'ani a cikin Suratun Nahli ya ambaci wanda ake mayarwa ga mafi raunin shekaru har ya rasa sanin abin da ya sani. Kada a riƙa sauya mata ɗaki ko wurin kaya. A ɗinka ƴar takarda mai lambar waya a rigarta, a sanar da mai shagon bakin layi da ƴan kabu-kabun unguwa cewa in sun gan ta ita kaɗai su dawo da ita. Ashana, risho da rijiya a yi musu tsari.

Abu ɗaya ne nake so a tsaya a kai da ƙarfi. Tsohuwar da ke fita tsakar dare, tana surutu ita kaɗai, tana kiran sunayen matattu, a wasu wurare ita ake nunawa da yatsa a ce mayya, musamman in ba ta da ɗa namiji tsaye. In aka matsa mata ma sai ta amsa, don ba ta san me ake tambaya ba. Mara lafiya ce. Ku riga masu tsegumi, ku je wurin liman da mai unguwa ku faɗa musu abin da likita ya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan tsoho ɗaya cikin shida yana fuskantar wani nau'in cin zarafi, kuma tsawa, kulle ɗaki, da cin kuɗin fansho ko gonar tsoho ba da yardarsa ba duk suna ciki.

Mafi yawan tsawar nan kuwa daga gajiya take fitowa, ba daga mugunta ba. A gidajenmu jinya kan mutum ɗaya take faɗawa, suruka ko ɗiyar da aurenta ya mutu, ga goyo, ga girki, ga wankin zannuwan fitsari, sauran ƴan'uwa kuwa su zo ranar Juma'a da leda su tafi da gyara: "me ya sa ta rame?" A zauna a raba aikin da suna da rana. Wane kuɗin magani, wane kai wa likita, wance kwana biyu a mako. Mai jinya a ba ta wuni guda cur kowane mako ta je gidansu ko biki, kuma wani ya karɓi dare aƙalla sau biyu don ta yi barci. In ita ma ta fara rashin ci, da kuka, da faɗuwar gaba, littafin nan na mako biyu a buɗe mata nata shafin.

Kawuna dai ya sha maganinsa wata tara. Mabuɗin rumfa bai koma hannunsa ba, amma littafin bashi ya koma, kuma shi ke zuwa karɓa, don babu wanda ke iya kallon idonsa ya ce a dawo gobe.